Yadda Muka Kai Alhaji Garba Wajen Nama

Tun da muka dawo daga Indiya ban ƙara shan shayi da zafinsa ba. Da na zauna a teburin mai shayi a Karaye sai a kewaye ni. Wannan yana son labarin jirgi, wancan yana tambaya ko gaskiya ne mutanen can da rawa suke zuwa kasuwa. Kafin in sallami na biyu, na farko ya je salla ya dawo yana so a sako masa daga tushe. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa, ni kuma a bar ni da kofina.

Ba buɗe ido ya kai mu ba. Taubashina, Alhaji Garba na Ruwan Bago da ke ƙasar Rogo, shi ya faɗo daga kan amalanken shanu da kaka, ƙugunsa ya tsage. Aka yi ɗori, aka yi asibiti, ƙafa ta ƙi ɗaukar mai ita. Mutumin da kafin rana ta fito ya zaga gonarsa ya koma sai an ɗaga shi an kwantar. 'Ya'yansa suka haɗa kai suka ce a kai shi Indiya a sauya masa gaɓar ƙugun ɗungurungum. Da aka zo neman ɗan rakiya mai jin Turanci wanda ba shi da aikin yi, duk idanu suka juyo Yammedi, inda nake zaune tun da na ajiye alli bayan shekaru ina koyar da darasin tsarin mulki a sakandare. Alhaji ɗan kawuna ne, shi ɗan namiji ni ɗan mace, saboda haka a al'adar taubasantaka ni bawansa ne. Ya ce kada a kira ta rakiya, bawa ne zai bi ubangidansa.

Da sassafe muka ɗauko shi kwance a bayan mota. Hanyar da ta fito daga ƙauyensu ta ƙaramar hukuma ce, wadda ta karɓe ta ta jiha ce, can gaba kuma ga babban titin tarayya. Na ƙarar da ƙuruciyata ina zana wa yara matakan gwamnati uku a allo, amma ƙugun Alhaji ya haddace su kafin hantsi. Duk ramin da muka faɗa sai ya tambaye ni na wa ne, don ya san inda zai aika da Allah-ya-isa. Inda titi ya yi sumul kuwa bai taɓa tambayar mai shi ba. A wani shinge ɗan sanda ya leƙo, ya ga mara lafiya, ya yi mana fatan alheri da wata Hausa da ta sha wuya. Daga can bakin teku aka turo shi, domin a wurinmu ɗan sanda na tarayya ne, ko a Rogo yake ko a Kalaba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Labarin jirgi ba ni da shi da yawa. Mun tashi daga Kano, mun sauya a Habasha, mun sauka Mumbai. Alhaji ya yi barci, ni na yi addu'a, kowa da abin da ya iya.

A Mumbai ne muka yi asarar farko. Hajiya, uwargidan Alhaji, ta san mijinta, saboda haka ta cika masa babban gwangwani da kilishi da dambun nama. Jami'in kwastan ya buɗe, ya duba, ya gaya mini cikin ladabi cewa ba a shigo da nama ƙasar haka nan, doka ce ta gwamnatin tsakiya, ba kuma a yi ta don mu ba. Alhaji ya ce in gaya masa in dai ƙwacewa zai yi, to ya ci abinsa, kada ya zubar, girkin Hajiya ne. Ban fassara ba, domin na riga na karanta matsayin saniya a wurin yawancin mutanen ƙasar. Garin kuka da daddawa da yaji sun tsira. Jami'in ya shaƙi yajin, ya yi atishawa har hawaye, ya mayar mana da hanzari.

Daga nan ƙaramin jirgi ya kai mu Mangalor, wani birni a bakin teku cikin jihar Karnataka, inda asibitin yake. Muka kama ɗaki a gidan wani dattijo mai ba baƙin asibiti haya. Sunansa ya fi ƙarfin harshen Alhaji, kuma da ya ji mutumin tun da aka haife shi bai taɓa sa nama a baki ba, sai ya raɗa masa Malam Ganye. Sharaɗinsa ɗaya ne, ba nama a gidansa, ba kifi, ko ƙwai. Ban da wannan, mutum ne da bai bar mu mun nemi komai ba. Shi ya nuna mana alƙibla, shi ya samo mana keken guragu, kuma a rana ta biyu na gano cewa shi ma malamin makaranta ne mai ritaya, darasin da na koyar shi ya koyar. Ka ga tsofaffin malamai biyu a baranda ɗaya, ba ɗalibi ko guda. Allah ya ji ƙan Alhaji da ba ya jin Turanci.

Abincinsu shinkafa ce a cikin riguna daban-daban. Da safe a turara ta kamar waina marar mai, da rana a zuba mata miyar wake mai tsami, da yamma a shimfiɗe ta kamar sinasir, kwakwa kuma tana cikin komai kamar gishiri. Ni na ci na ƙoshi. Alhaji ya ɗanɗana sau ɗaya ya ture kwanon, ya ce shi bai zo Indiya kiwo ba.

Da farko dariya na yi. Amma da likita ta auna shi, wata mace mai ƙaramin jiki da ƙarancin magana, sai dariya ta ƙare. Ta ce jininsa ya yi ƙasa, jikinsa ya zube.

"Ba zan sa wuƙa a jikin da ba ya cin abinci ba," in ji ta.

Ta rubuta magunguna da ƙarin ruwa, ta sa ranar da za a sake awo, ta ce in bai farfaɗo ba zuwa ranar, ba aiki. Na duba fasfo na ga bizarmu ba ta wuce ranar da yawa ba. Na roƙe ta ta sa baki a ƙara mana. Ta ce asibiti na ƙarƙashin jiha ne, biza kuwa ta gwamnatin tsakiya ce da ke Delhi, za ta iya rubuta shaida amma ba za ta iya yi mana alkawari ba. Wato ko Alhaji ya ci abinci, ko mu koma Ruwan Bago da shi a kwance yadda muka kawo shi.

Na shiga gari neman abin da zai ci. Na kai shi gidan abinci na Musulmi, aka kawo naman akuya, ya ce akuya tana tayar da tsohon ciwo, kuma shi duk jikinsa tsohon ciwo ne. Aka kawo kaza, ya ce wannan farar kazar gidan gona ce da ba ta taɓa ganin rana ba. Aka kawo kifi, ya ce kifi abincin Karayawa ne da suka samu dam suka manta noma. Na ji ana sayar da naman ɓauna, domin ita doka ta yarda a yanka wadda ta tsufa, na kai shi, ya shinshina ya ce shi ba maharbi ba ne. Mutum ne da ya yi rayuwarsa yana turke bijimai, naman sa ya sani, kuma ciwo ya mayar da taurin kansa ninki biyu. Na yi lallashi, na yi faɗa, na kira Hajiya a waya ta yi kuka. Ya sha shayi ya juya fuska bango. A 'yan kwanakin nan ko bawa bai ƙara kira na ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan.

Bayan la'asar nakan zauna da Malam Ganye a baranda mu gwada kundin tsarin mulkin ƙasarsu da namu, kamar masu gwada shanu a kara. Ya ce nasu ya kasa iko gida uku. Akwai na tsakiya kaɗai, kamar soja da kuɗin ƙasa da jirgin ƙasa da shige da fice. Akwai na jiha kaɗai, kamar 'yan sanda da asibiti da gona da dabbobi. Sai na haɗaka, kamar ilimi, inda in an yi karo maganar tsakiya ce a sama. Na ce namu gida biyu ne a rubuce, na tarayya da na haɗaka, abin da ba a ambata ba shi ne na jiha, kamar rabon da babban yaya ya fara zaɓa, ƙane ya ɗauki abin da ya saura a faifai. Ya ce a wurinsu ragowar ta babban yaya ce, amma sai an fara cika wa ƙane kwanonsa. Gwamnansu kuwa naɗo shi ake daga Delhi, yawancin aikinsa sa hannu ne da yanke ƙyallen buɗe gini, mai iko shi ne babban ministan jiha da majalisa ta fitar. Da na ba Alhaji wannan labari, ya buɗe ido ya ce ai dagacinsu ya fi wannan gwamnan, ya sake rufewa.

Abin da ya fi shiga raina shi ne harshe. Yawancin jihohinsu a kan harshe aka yanka su, kuma kowace tana gudanar da ofis da makarantunta da nata. Akwai wata yarinya a maƙwabta da kullum nake jin tana bitar darasin kimiyya da harshen da uwarta ke yi mata faɗa da shi. Na tuna yarana na Karaye da na sha ganin sun san amsa sarai, Turancin faɗarta ne babu.

Wata rana, da abin ya ishe ni, na tambaye shi kai tsaye dalilin da za a hana mutum naman sa a gari guda. Ya ce majalisar jiharsu ce ta hana yanka shanu, shi kuma yana cikin waɗanda suka zaɓi masu dokar, bai kuma yi nadama ba, domin saniya a wurinsa kamar uwa take. Ya dubi ƙofar ɗakin da Alhaji ke kwance.

"Amma dokar jiharmu ce," in ji shi. "Ba ta ƙasa ba ce. Jihar Kerala tana nan kusa, kuma su majalisarsu ba ta hana ba."

Da na tambayi nisa, sai na ji bai kai daga Karaye zuwa Rogo ba. Na san wannan rabon iko a littafi tun kafin a haifi likitar nan, amma ban taɓa zaton tsarin tarayya abu ne da za a iya sa wa mara lafiya a baki ba. Na miƙe na ce gobe zan ɗauki kula in je in ciko ta. Ya girgiza kai. Ya ce dokar tana da rassa, baƙo ba zai gane inda ta tsaya ba, kuma akwai samari masu zafin kai da ke tare motoci a hanya ba tare da sun jira kotu ba.

"Ba a gidana ba, ba kuma a jihata ba. Kada ka kawo nama wurin mutumin. Kai mutumin wurin nama."

Alhaji bai buƙaci dogon bayani ba. Ɗan Rogo ne, Katsina a gefe Kaduna a gefe. Ya ce ai a shekarun baya da wata maƙwabciyar jiha ta rufe kasuwannin dabbobi saboda tsaro, mutanenta ba su ɗauko kasuwa sun kai gida ba, su suka riƙa tsallakowa. Ya ce in miƙo masa hularsa.

Washegari muka hau a-daidaita-sahu, wanda dama Indiya ce asalin garinsu, Malam Ganye a gaba ya ce zai raka mu. A bakin iyaka direban ya tsaya, domin izinin aikinsa na jiha ne, iyakarsa nan. Ba a tambayar fasfo, ba a buga hatimi, amma makaho ne kaɗai ba zai san ya sauya jiha ba. Rubutun alluna ya sauya daga wasu ƙudundunannun baƙaƙe zuwa wasu da suka fi su ƙudundunewa. Gidajen mai sun yi cincirindo a wannan gefen, motocin can suna tsallakowa su sha su koma, saboda kowace jiha da harajin da take ɗora wa mai. A ɗaya gefen wani mai suna Hamza yana jiran mu da nasa keken. Magidanci ne, Musulmi, tsohon ɗalibin Malam Ganye, kuma har yau in malaminsa na magana ba ya ɗaga kai.

Tsakanin keken nan biyu akwai ɗan gangare. Na tsaya ina karanta allo, ko in ce ina kallonsa, sai keken guragun ya ƙwace mini. Alhaji ya riga mu shiga Kerala a guje yana salati. Wani ɗan sanda ne ya tare shi da hannu biyu. Na iso ina haki ina shirya Turancin ban haƙuri, sai na ga ɗan sandan da Hamza suna dariya da yarensu. Ashe ɗan ƙauyen gaba ne, ya san Hamza, ya san uwarsa, har ya san mahaucin da za mu je wurinsa. Kun tuna ɗan sandanmu na hanyar Kano? Ga bambancin. Alhaji kuwa, da ya dawo hayyacinsa, ya ce ya shiga jihar mutane ba bawa ba sallama, kuma za a yi shari'a in mun koma gida. Jin kalmar bawa ya faranta mini rai fiye da yadda ya zata.

Mahaifiyar Hamza, wadda su ma Umma suke ce wa, ta buɗe mana kicin ɗinta. Alhaji ya zauna a bakin ƙofa yana ba da umarni da Hausa, ina juyawa Turanci, Hamza yana juyawa yarensu, miyar kuka tana bi ta harsuna uku kafin ta isa tukunya. Da na kwance ƙullin daddawa, Umma ta fita da gudu ta leƙa bayan gida tana neman abin da ya mutu. Da muka ce a tuƙa shinkafa har ta haɗe, ta ce ba ta taɓa ganin mutanen da ke dafa shinkafa mai kyau sannan su yi mata duka ba. Amma ta tuƙa, kuma tuwon ya yi. Hamza ya gasa hanta a garwashin ɓawon kwakwa, aka barbaɗa yajin Hajiya.

Alhaji ya yi bisimilla ya kai loma. Ya kai ta biyu, ya kai ta uku, gumi ya karyo masa a goshi. Can ya ɗaga kai ya hango Malam Ganye a ƙarshen baranda, ya juya mana baya yana kallon titi, da kofin baƙin shayi a hannu. Alhaji ya tambaye ni ko fushi dattijon yake. Na ce ba fushi ba ne, ba ya son ya ga abin da ke cikin kwanon, ba ya kuma son kai ka ga fuskarsa ka kasa ci.

"Mutumin da ya ɗauki saniya uwa, shi ya kawo ni nan?"

Na ce shi ne.

Alhaji ya jima yana kallon bayan dattijon. Sannan ya cinye tuwonsa tas, ya nemi sabulu, ya wanke hannu har gwiwa kamar mai alwala, ya kurkure baki, kafin ya ce in tura shi ya je ya gaishe shi.

Daga ranar muka zama 'yan hanya. Yau mu je, gobe mu huta, jibi mu koma. Malam Ganye bai sake bin mu ba, ya ce sau ɗaya ya isa, amma kullum shi ke tsayar mana da keke a ƙofar gida. 'Yan sandan jihohin biyu suka saba da mu, na wannan gefe su ɗaga hannu, na wancan su yi shirin tare keke ko da zai sake ƙwacewa. Umma ta koyi miyar kuka har ta fara gyara wa Alhaji gishiri. Ko ƙashi ba mu taɓa tsallakowa da shi ba. Da ya samu bakin ci, har wainar safen ya fara taɓawa, yana cewa don kada mai gida ya ji kunya ne.

Ranar awo ta zo. Likita ta duba sakamakon, ta dubi Alhaji da ya fara cika rigarsa. Ita ma, na ji daga baya, ba ta cin nama.

"Ban tambaye ku abin da yake ci ba," in ji ta. "Jibi za mu yi aiki."

Aka yi, aka gama lafiya, kuma kafin biza ta ƙare yana takawa da sanda a barandar asibiti yana gyara wa masu jinya tafiya.

Kada wani ya ce na dawo da labarin aljanna. Malam Ganye da kansa ya gaya mini cewa tsakiya na iya rushe gwamnatin jiha ta karɓi mulki in ta ce abubuwa sun lalace, kuma an sha yin haka ba don Allah ba. Ya ce ɗan sandan jiha da ya san uwarka yana iya zama sandar babban minista a kan wanda bai zaɓe shi ba. Jihohin kudancinsu kuma kullum cikin ƙorafi suke, wai su ke tara haraji ana raba wa wasu, har na ji kamar ina sauraron rediyo a gida. Dokar da ta kai mu bakin iyaka ma akwai mahautan da ta kashe wa sana'a a jiharsa, ya san haka, bai ɓoye ba. Abin da ya burge ni bai wuce wannan ba: mutum ya riƙe dokarsa da hannu biyu, ya kuma san daidai inda ta ƙare, har ya raka ka zuwa wurin.

Da muka dawo, 'ya'yan Alhaji suka yanka sa a Ruwan Bago don godiya ga Allah. Gida ya cika, tukwane a tsakar gida, fata a shanye a kan danga. Ana cikin haka waya ta yi ƙara, Malam Ganye ne ta hoton bidiyo, yana so ya ga mara lafiyarsa a tsaye. Babban ɗan Alhaji ya ɗaga wayar zai zaga da ita ya nuna masa taro. Alhaji ya riƙe masa hannu, ya ce a kife ta tukuna. Ya sa aka janye fatar, aka ja tabarma aka kare tukwane. Wani daga cikin baƙi ya ce ai nan Kano ce, ba dokar da ta hana.

"Na sani," in ji Alhaji. "A can ya juya wa kwanona baya don in ci. A nan ba zan sa masa shi a gaba ba."

Ya karɓi wayar, ya miƙe, ya ratsa tsakar gida da ƙafarsa har turke, inda shanun huɗarsa biyu ke tsaye suna tuƙa. Ya nuna wa Malam Ganye su ɗaya bayan ɗaya yana faɗin sunayensu da Hausa, dattijon yana haɗa tafin hannu yana gaishe su da yarensa, ba wanda ya nemi tafinta. Ni ina biye da sandar Alhaji a hannu, kamar yadda ya kamaci bawa, har muka je muka dawo bai waiwayo ya karɓa ba.